Yadda folima ke jin tsami ta saki magani, da inda dabarar take tuntuɓe

Tambaya: Malam, ni ɗalibar ilimin haɗa magunguna ce, ina shekarar ƙarshe. Ina yawan cin karo da rubuce-rubuce a kan folima masu jin pH, wai suna riƙe magani ba sa sakinsa sai sun kai wurin ciwo, har da ciwon daji. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Ta yaya abin da ba shi da rai zai san inda yake a cikin jiki? Kuma in har abin ya kai yadda ake faɗa, me ya sa ban taɓa ganin irin wannan magani a hannun marar lafiya ba?

Amsa: Ƙanwata, ai kin gan shi, sau ba adadi ma. Duk ranar da kika miƙa wa mai gyambon ciki kafson omefirazol, ko kika ba wani ƙwayar bisakodil, maganin taurin bayan gida, kika ce ya haɗiye kada ya tauna, to folima mai jin pH kika ba shi, wato wani abu mai kama da roba da ke sauya hali gwargwadon tsamin wurin da yake. Rufin nan mai sheƙi da ke jikin ƙwayar, wanda ke hana ta narkewa a tumbi sai ta kai hanji, shi ne kakan duk abin da kike karantawa. Abin da ya sa ba ki haɗa su a zuciyarki ba shi ne, wancan ya tsufa har an daina yi masa kirari, wannan kuwa na ciwon daji sabo ne, shi ake yayi a mujallu. Ilimin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne. Na farkon yana aiki kullum a cikin miliyoyin mutane, na biyun kuma har yau yana ta fama bai gama fita daga ɗakin gwaje-gwaje ba. Dalilin wannan rata yana cikin wani ɗan lissafi, kuma shi nake so ki tashi da shi daga wannan amsa.

Ma'aunin pH wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, ya kawo shi a 1909. Yana auna yawan furoton, wato haidirojin mai caji, da ke yawo a cikin ruwa. A 7 ruwa yana tsaka-tsaki. Ƙasa da haka tsami ne, sama da haka kuma ɓangaren kanwa ne, wanda ke kashe tsami. Wurin da ɗalibai ke yawan sha'afa shi ne, matakan tsanin nan ba ɗaya-ɗaya suke hawa ba. Kowane mataki ninki goma ne. Ruwa mai pH 5 ya fi mai 6 tsami sau 10, ya fi mai 7 sau 100.

Jikin mutum kuwa ba pH ɗaya gare shi ba. A 1988 wasu likitoci a Ingila suka ba mutum 66 masu lafiya wani ɗan kafso mai aika saƙon rediyo suka haɗiya, yana tafiya yana auna tsamin hanya. A tumbi suka samu tsakanin 1 da 2.5. A farkon ƙaramin hanji ya haura zuwa wajen 6.6, a ƙarshensa ya kai wajen 7.5. Da shigarsa babban hanji sai ya faɗo zuwa wajen 6.4, saboda ƙwayoyin bakteriya da ke can suna ruɓar da ragowar abinci suna fitar da asid, daga baya ya sake hawa a hankali zuwa kusan 7. Jini yana tsare tsakanin 7.35 da 7.45, ba ya yarda ya gusa. Ki riƙe wannan taswira, musamman faɗuwar nan ta bakin babban hanji, za mu dawo kanta.

Yanzu ga tambayarki ta farko. Folima doguwar sarƙa ce da aka ƙulla daga ƙananan molekul masu maimaita kansu, ɗaruruwa ko dubbai. A jikin sarƙar ana rataya wasu 'yan hannuwa masu iya karɓar furoton ko sakinsa. Wanda aka fi amfani da shi shi ne rukunin kaboksil, irin wanda ke jikin asid ɗin akirilik da na metakirilik. A cikin tumbi furoton ya cika ko'ina, don haka kowane hannu yana riƙe da nasa, ba shi da caji. Sarƙar da ba ta da caji ba ta shiri da ruwa: sai ta dunƙule, ta manne da 'yan'uwanta, su zama fata mai tauri wadda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Idan ƙwayar ta gangara hanji, inda furoton ya yi ƙaranci, sai hannuwan su saki nasu, kowanne ya koma mai cajin negetib. Caji iri ɗaya ba sa zama kusa da juna, sai su tunkuɗi juna, sarƙar ta miƙe, gishirin da ke cikin ruwa ya matso don ya daidaita cajin, ruwa ya biyo gishiri. Fatar ta kumbura, ta yi laushi, ta narke. Babu sani a ciki, babu zaɓi. Kamar kwaɗo ne da mabuɗinsa: kwaɗo bai san mai gida ba, duk wanda ya zo da mabuɗin da ya dace zai buɗe masa. Wannan magana tana da muhimmanci, domin kusan duk matsalar da za mu gani nan gaba daga nan ta fito, ko mabuɗi ya zo tun ba a kai gida ba, ko a kai gida bai zo ba.

Kowane irin hannu yana da lambarsa da ake kira pKa, wato pH ɗin da rabin hannuwa suka saki, rabi suna riƙe. Mataki ɗaya sama da pKa, kusan kashi 90 cikin 100 sun saki. Mataki biyu, kashi 99. Gwanintar mai haɗa folima ita ce ya matsar da wurin buɗewa zuwa inda yake so, ta hanyar cuɗa hannuwa masu caji da waɗanda ba sa ɗaukar caji. Dangin folimar da ake kira Eudragit, waɗanda aka fara yi a Darmstadt ta Jamus a shekarun 1950, su ne misali mafi tsabta. A nau'in L100, hannun asid ɗaya ne ga kowane hannu marar caji ɗaya, kuma yana narkewa daga pH 6. A nau'in S100, ɗaya ne ga biyu, sai ya ƙi narkewa sai an kai 7. Akwai L100-55 mai buɗewa tun daga 5.5. Kin ga da ɗan sauya gauraye kawai an zaɓi ko magani ya fita a farkon ƙaramin hanji, ko tsakiyarsa, ko can ƙarshe. Akwai kuma dangin da ake yi daga selulos na itace, masu buɗewa tsakanin 5 da kusan 6.8 gwargwadon nau'i.

Akwai masu yin akasin haka, waɗanda hannuwansu na amin ne, wato rukuni mai ɗauke da naitirojin. Su a cikin tsami suke karɓar furoton su ɗauki cajin fozitib su narke, a tsaka-tsaki kuma su rufe. Kaitosan, da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, pKa ɗinsa wajen 6.5 ne. Eudragit E yana narkewa a ƙasa da pH 5, shi ya sa ake rufe magani mai ɗaci da shi: a baki, inda yawu ke kusa da 7, ba ya buɗewa, harshe bai ji komai ba, da ya faɗa tumbi sai ya saki. Yaran da ke shan magani ba tare da kuka ba suna cin moriyar wannan dabara.

Ina so ki je ɗakin gwaje-gwaje ki ga abin da idonki, domin karatu ba ya maye gurbinsa. Ki jefa ƙwaya mai rufin hanji cikin kaskon gilashi mai ruwan asid ɗin haidirokulorik, pH wajen 1.2, a zafin jiki, digiri 37, filafilin na'ura na juyawa. Awa biyu za ta yi a ƙasan kaskon kamar tsakuwa, ruwan garau, ba abin da ya motsa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada abin da ya fita a wannan lokaci ya wuce kashi 10 cikin 100. Sai ki mayar da ita ruwan fosfet mai pH 6.8. Minti kaɗan za ki ga sheƙin ya dushe, gefen ƙwayar ya fara yin santsi, domin a gefe rufin ya fi siriri. Sai wata 'yar tsaga ta bayyana, farin gari ya fara tsiyaya kamar hayaƙi, can sai ƙwayar ta tarwatse gaba ɗaya. Shekaru nake nuna wa ɗalibai wannan, kuma har yau in tsagar nan ta bayyana sai na matso kusa da gilashin.

Tunanin ya girmi folimar roba nesa ba kusa ba. A 1884 wani likitan fata a Jamus, Paul Unna, ya rufe ƙwayoyi da keratin, furotin ɗin da ke cikin gashi da farce, don su wuce tumbi. Daga baya aka yi amfani da shelak, ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa, amma shi yana ƙara tauri in ya daɗe a ajiye, ƙwayar bara ba ta narkewa kamar ta bana. Folimar da aka haɗa a masana'anta ta zo ta ba da abin da aka rasa, wato tabbaci.

Ana sa wannan rufi ne ko don a tsare magani daga tumbi, ko a tsare tumbi daga magani, ko a kai magani can nesa. Omefirazol, wanda ya fito kasuwa a 1988, shi ne gwanin misali na farko. Aikinsa rage asid ɗin ciki, amma shi kansa asid yana lalata shi cikin mintuna. To ga wani tarko da na faɗa ciki ina sabon shiga aiki. Na fesa rufin hanji kai tsaye a kan 'yan ƙananan ƙwallayen omefirazol, suka fito farare tas, suka ci gwajin asid. Da muka ajiye su a akwatin zafi da laima na 'yan makonni, na buɗe kwalba na tarar sun rine, wasu ruwan hoda, wasu sun doshi shuɗi mai duhu. Na manta cewa rufin da kansa asid ne, hannuwan kaboksil ɗin da ke gadin maganin su suka cinye shi ta ciki. Shi ya sa ake gauraya maganin da ɗan sinadarin kanwa, a yi masa rigar ciki marar asid, kafin a sa ta waje. In kika raba ƙwallo ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma za ki ga zobba uku a jere.

Batun tsare tumbi daga magani kuwa, a nan ina ganin an fi ƙarfin gaskiya wajen talla. Asfirin mai rufi yana rage ƙunar da ake ji nan take, amma babbar illarsa ga tumbi ta jini take zuwa, bayan an sha shi ya shiga jiki ya rage sinadaran da ke kare bangon ciki. Rufi ba shi da iko a kan wannan. Mai shan asfirin ko dikulofenak mai rufi zai iya yin gyambo ya zubar da jini, kuma wajibi ne ki faɗa masa haka.

Matsala ta gaba ita ce, cikin mutum ba kaskon gilashi ba ne. Ƙofar da ke tsakanin tumbi da hanji ba ta barin babban abu mai tauri ya wuce muddin ana narkar da abinci. Ƙwaya guda mai rufi sai ta zauna jiran wata babbar matsa da tumbi ke yi in ya zama fayau, wadda ke zuwa kusan kowane awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ta share abin da ya rage. In mutum ya ci ya ƙoshi, ya kuma yi ta ɗan taɓa wani abu bayan haka, ƙwayar tana iya yin rabin yini a tumbi, shi kuwa yana can yana cewa magani bai yi ba. Wannan ne ya sa aka koma cika kafso da ɗaruruwan ƙananan ƙwallaye, kowanne da rigarsa, waɗanda ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba, suna bin abinci suna ficewa kaɗan-kaɗan.

Sannan taswirar nan ta 1988 ta masu lafiya ce, mu kuwa marasa lafiya muke ba magani. Wanda ya sha maganin kashe tsamin ciki, ko madara, ko yake kan omefirazol, tsamin tumbinsa ya ragu, mabuɗi ya zo da wuri. Dalilin ke nan da takardar bisakodil ke cewa kada a sha shi cikin awa ɗaya da shan madara ko maganin ƙwannafi: in ya buɗe a tumbi, murɗawar ciki da amai za su biyo. A ɗaya gefen, akwai masu cutar gado ta sistik faiburosis, waɗanda fankiriyas ɗinsu ba ya zuba isasshen baikabonet, sinadarin da ke kashe tsamin abin da ya fito daga tumbi. Farkon hanjinsu yana zama da tsami, ƙwallayen enzayim ɗin da aka ba su don narkar da maiƙo sai su makara wajen buɗewa, abincin ya riga ya yi gaba.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mesalazin, maganin kumburin babban hanji. Ana rufe wasu nau'o'insa, irin su Asacol, da Eudragit S, a kan zai buɗe a pH 7 a ƙarshen ƙaramin hanji. Amma tagar nan ƙarama ce. In hanjin mutum bai kai 7 ba, ko gudawa ta sa ƙwayar ta wuce wurin a guje, sai ta faɗa babban hanji inda pH ya riga ya sauko, ta ƙi buɗewa. An sha samun marasa lafiya da suka ga ƙwayarsu ta fito a bayan gida yadda suka haɗiye ta. Idan wani ya kawo miki wannan ƙorafi kada ki yi masa dariya, kada kuma ki ce ba komai tun ba ki bincika ba. Akwai magunguna masu saki a hankali da ɓawonsu kan fito fanko, wannan daidai ne. Amma ƙwaya mai rufin pH da ta fito da cikinta, magani ne da bai yi aiki ba. Masu bincike a Landan sun gano wani ɓangare na dalilin: ruwan fosfet da muke gwaji da shi ya fi ruwan baikabonet na ainihin hanji ƙarfin karɓe furoton, don haka rufi yana narkewa a kasko da sauri fiye da yadda yake yi a mutum. Su ne kuma suka fito da rufi mai mabuɗi biyu, Eudragit S gauraye da wani sitaci da bakteriyar babban hanji kaɗai ke iya ci. In pH ya saɓa alƙawari, bakteriya za su huda rigar. A ganina wannan ya fi dabaru masu ƙyalƙyali da yawa daraja, domin ya fara ne da amincewa cewa mabuɗi ɗaya bai isa ba.

Kafin in bar wannan ɓangare, ina roƙonki abu ɗaya. Za ki shiga ɗakin marasa lafiya ki tarar da tsoho da robar abinci a hanci, wani kuma yana daka masa duk magungunansa a ɗan turmi, da kyakkyawar niyya. Ki tsaya ki duba kowace ƙwaya. Wadda ke da rufin hanji in aka daka ta an kashe dabarar gaba ɗaya, gutsattsarin rufin kuma suna dunƙulewa su toshe robar. Ki nemi nau'in ruwa, ko wani maganin da zai maye gurbinsa. Wannan aikinki ne, in ba ki yi ba da wuya wani ya yi.

Idan aka ɗaure sarƙoƙin folima da juna suka zama raga, ba sa iya narkewa, sai dai su sha ruwa su kumbura ko su matse. Wannan shi ne haidirojel. Tun 1950 Kuhn da Katchalsky da abokan aikinsu suka nuna cewa ragar asid tana miƙewa tana tsukewa in ana sauya mata tsami, kamar tsoka. Amfaninta shi ne ba a buɗe ƙofa gaba ɗaya, ana faɗaɗa idon raga ne, magani ya riƙa silalowa. An yi shekaru ana gwada ta don a mayar da insulin abin haɗiya: ragar ta matse a tumbi ta ɓoye shi, ta buɗe a hanji. Wannan ɓangaren yana yi. Abin da ya gagara shi ne bangon hanji, wanda ba ya barin babban furotin ya ratsa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma tunani mai kyau tun shekarun 1980, a sa enzayim mai mayar da sukari asid a cikin jel mai ɗauke da insulin. Sukarin jini ya hau, asid ya ƙaru, jel ya kumbura, insulin ya fita. Sukari ya sauka, jel ya rufe. A kasko gwanin sha'awa. A jiki kuwa jel yana da nawa wajen amsawa, enzayim yana gajiya, jini kuma yana shanye asid ɗin, alhali insulin magani ne da in ya yi yawa kaɗan zai iya kashe mutum a cikin barci.

To, ga ciwon daji. Tun shekarun 1920 Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin halittar daji, waɗanda zan riƙa kira sel, suna cin sukari da haɗama suna fitar da asid ɗin laktik ko da iskar oksijin tana nan. Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙarin kuma a hargitse suke, ba sa kwashe dattin. Don haka ruwan da ke kewaye da sel ɗin daji yakan sauka zuwa tsakanin 6.5 da 6.9. Tunanin shi ne a yi 'yan mitsi-mitsin ƙunshi na folima, kusan nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita, a cusa musu magani, a yi allurarsu a jini, su zauna a rufe a 7.4 su buɗe a cikin ƙari.

Yanzu ɗauki alƙalami. Daga tumbi mai 1.5 zuwa hanji mai 6.5 mataki biyar ne, wato bambancin furoton ninki 100,000. Kowace folima, ko ta raggon maƙeri, za ta ji wannan. Daga jini mai 7.4 zuwa ƙari mai 6.8 kuwa mataki 0.6 ne, ninki huɗu kacal. Ki ɗauki hannun amin mai pKa 7.1, daidai tsakiyarsu. A cikin jini kashi ɗaya cikin uku na hannuwan sun riga sun ɗauki caji. A cikin ƙari kashi biyu cikin uku. Ƙunshin yana yoyo tun a hanya, a masauki kuma bai gama buɗewa ba. Ga shi tsamin ƙari ba ɗaya ba ne: ya fi yawa can ciki nesa da jijiya, inda ƙunshin ya fi wahalar kaiwa, a bakin jijiya kuwa kusan na jini ne. Wannan shi ne lissafin da na ce ki riƙe.

Akwai masu ƙoƙarin kaifafa amsar. Ƙungiyar Jinming Gao a jihar Tekzas ta Amurka ta haɗa ƙunshin da hannuwansa ke ɗaukar caji tare a lokaci ɗaya, har ya wargaje cikin bambancin da bai kai kwata na mataki ɗaya ba. Abin lura shi ne, inda wannan ya fara zuwa gwajin mutane a matsayin fitila ce, wani rini mai haske da ke kunnuwa a cikin ƙari don likitan fiɗa ya ga iyakarsa. Haska wuri yana buƙatar ɗan kaɗan ya isa can. Kashe ƙari yana buƙatar mai yawa.

Da yawa daga masu bincike sun karkata zuwa wata ratar da ta fi faɗi, ta cikin sel. Idan sel ya haɗiyi ƙunshi, yana sa shi a wata 'yar jaka, endosom, yana tura mata furoton: pH ya sauka zuwa wajen 6, ya kai 5.5, a jaka ta ƙarshe mai suna laisosom ya kai 4.5 zuwa 5. Daga 7.4 zuwa 5 ninki 250 ne, wannan kam ana iya aiki da shi. Wata hanya ita ce a ɗaure magani a jikin mai ɗaukarsa da igiyar da asid ke tsinkawa, kamar haɗin haidirazon. An yi haka da dokzorubisin, wani maganin ciwon daji, a kan folima iri-iri. Wanda ya kai asibiti da wannan igiya shi ne Mylotarg, maganin wani nau'in sankarar jini, ko da yake mai ɗaukarsa furotin ɗin garkuwar jiki ne. An amince da shi a Amurka a 2000, aka janye shi a 2010 da gwaji ya nuna illa ba tare da ƙarin amfani ba, aka dawo da shi a 2017 da ƙaramin awo da ake rarrabawa. Cikin abubuwan da masana suka yi nuni da su har da igiyar da ke ɗan tsinkewa tun a cikin jini.

Babbar nasarar wannan tunani ta zo ne ta maiƙo. Allurar rigakafin korona ta Pfizer-BioNTech da ta Moderna suna ƙunshe saƙonsu, wato umarnin da sel zai bi ya ƙera wani furotin, a cikin wani maiƙo mai pKa tsakanin 6 da 7. A jini ba shi da caji, don haka ba ya yi wa sel lahani. A cikin endosom sai ya ɗauki caji ya dagula bangon jakar, saƙon ya tsere. Maganin Onpattro na 2018 ya riga su bin wannan hanya. Mutane masu ɗimbin yawa sun karɓi wannan a damtsensu, kin ga ke nan ba za a ce ilimin bai bar takarda ba.

Amma ko ƙofa ta yi kyau, sai an kai gidan. Tun 1986 Matsumura da Maeda a Japan suka nuna cewa manyan molekul suna taruwa a ƙari saboda jijiyoyinsa suna yoyo, kuma a kan wannan aka gina fata mai yawa. A 2016 wata ƙungiya a Toronto ta Kanada ta tattara rahotannin shekara goma na gwaji a kan dabbobi, ta samu cewa a tsakaitawa kashi 0.7 cikin 100 na abin da aka yi allurarsa ne ke isa ƙari. An yi ta muhawara a kan yadda suka yi lissafin, amma babu mai musun cewa hanta da saifa ke kwashe kaso mafi tsoka. Su ma sel ɗin hanta suna da laisosom mai tsami, ƙunshin kuma zai buɗe a cikinsu da biyayya ɗaya. Ki ƙara da cewa ƙarin da aka dasa wa ɓera a mako biyu ya fi na mutum yoyo, sannan haɗa ƙunshi mai sassa biyar iri ɗaya sak a kowane zubi, a ajiye shi shekara biyu bai lalace ba, aiki ne da ya kayar da dabaru da dama da suka yi kyau a takarda.

Ban faɗi wannan don in kashe miki gwiwa ba. Ina so ki shiga fagen ne da ido biyu, domin ana buƙatar masu yinsa da gaskiya. In kika ɗauki rahoton bincike, fara duba a wane pH suka gwada. Da yawa suna kwatanta 7.4 da 5, su sami zane mai kyau, sannan su yi maganar ruwan da ke kewaye da ƙari, wanda bai taɓa sauka 5 ba. Ki duba ko sun gwada a cikin ruwan jini mai furotin, domin furotin yana lulluɓe ƙunshi cikin mintuna ya sauya halinsa. Ki duba nawa ya zube a 7.4 cikin awa 24. Ki nemi ƙunshin kwatance, mai kama da nasu ta kowace fuska amma marar jin pH. In babu shi, ba su nuna cewa tsami ne ya yi aikin ba. Ki kuma tambayi ina folimar take zuwa bayan ta sauke kaya, tunda rufin ƙwaya yana fita ta bayan gida, amma wadda aka yi allurarta dole ta ruɓe ko ta zama ƙarama yadda ƙoda za ta tace ta.

In aikin kammala karatu kike nema, ga wanda za ki iya da kayan da ke kowace makarantar haɗa magunguna. Ki ɗiga ruwan aljinet, folimar da ake samu daga ciyawar teku, mai ɗauke da magani cikin ruwan kalsiyam kulorayid, ɗigo-ɗigo da sirinji, za ki sami 'yan ƙwallaye masu taushi. Ki raba su uku, kashi ɗaya ki bar shi haka, ɗaya ki rufe da kaitosan, ɗaya da Eudragit L. Ki bi da su ta 1.2 na awa biyu, sannan 6.8. Daga nan ki sake gwajin duka, amma ki fara da pH 4.5 maimakon 1.2, wato tumbin mutumin da ya ci abinci ko yake shan omefirazol, ki auna abin da ya fita kowane minti 15.